Jami'a mai suna ko mai tallafi: wacce za ta kai ni aikin harkar kuɗi?

Tambaya: Wani ɗalibi ya rubuto cewa ya samu gurbin digiri na farko a jami'o'i uku, kuma burinsa shi ne aiki a harkar kuɗi. Ta farko fitacciya ce a duniya, amma kwas ɗin da ta ba shi na tattalin arziki ne, kuma sai ya ci bashi mai nauyi kafin ya iya zuwa. Ta biyu makarantar kasuwanci ce a wani birni mai manyan bankuna, ta ba shi kwas ɗin harkar kuɗi tare da yafe rabin kuɗin makaranta. Ta uku ba a san ta sosai ba, amma ta ɗauke masa komai. Wacce zai zaɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri, samun gurbi uku ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai akwai abin da tambayarka ta tsallake, kuma a kansa amsar ta rataya: wane aiki kake nufi? Harkar kuɗi ba sana'a ɗaya ba ce. Sana'o'i ne da yawa, kowacce da hanyar da take ɗaukar ma'aikata. A wasu, sunan jami'a shi ne kusan rabin tikitin shiga. A wasu kuwa, bayan shekara biyu da fara aiki babu wanda zai sake tambayarka inda ka yi karatu. Don haka daga aikin za ka faro, ka biyo baya har ka iso jami'ar da ƙofarta ke fuskantarsa.

Inda suna ke aiki sosai wuri ne ƙunci: bankunan zuba jari irin su Goldman Sachs da J.P. Morgan da Morgan Stanley, musamman sashen da ke ba kamfanoni shawara kan haɗewa da saye da fitar da hannun jari, sai kuma kamfanonin da ke sayen wasu kamfanoni don su gyara su sayar. Waɗannan suna da ɗan ƙaramin jerin jami'o'in da suke zuwa ɗibar ma'aikata kowace shekara. A Birtaniya sunayen da ake yawan ji su ne Oxford, Cambridge, LSE, UCL, Imperial da Warwick. A Amurka akwai Wharton ta Jami'ar Pennsylvania, Harvard, Columbia, Stern ta Jami'ar Niyok da Ross ta Michigan, da wasu. A nahiyar Turai akwai Bocconi a Italiya, HEC a Faransa, St. Gallen a Suwizalan. Dalilin wannan ba wani sirri ba ne. Masu nema dubbai ne, guraben kaɗan ne, aikin shekarar farko kuma ana iya koya wa duk mai kaifin kai, saboda haka bankin yana barin jami'a ta yi masa tankaɗe na farko. Wanda ya fito daga wajen wannan jeri yana shiga, amma sai ya yi aikin neman hanya ninkin na takwaransa.

Sauran ayyukan, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, hukuncinsu daban ne. Akanta da binciken asusu da haraji a manyan kamfanonin akanta irin su Deloitte ko PwC ko EY ko KPMG, sashen kuɗi na kamfanonin masana'antu da sadarwa, bankunan kasuwanci, inshora, kula da haɗarin bashi, babban banki da hukumomin sa ido: duk waɗannan suna ɗauka daga jami'o'i masu yawa, kuma abin da ke ɗaga mutum a cikinsu shi ne sakamako mai kyau, takardar ƙwarewa, da aikin da ya taɓa yi da hannunsa. Akwai kuma rukuni na uku, masu ƙera dabarun ciniki da lissafi da kwamfuta. Su ba ruwansu da makarantar kasuwanci; ƙarfin sashen lissafi da kimiyyar kwamfuta suke dubawa, kuma a intabiyu tambayoyin yiwuwa da rubuta manhaja za a jefo maka.

Bincike ma ya nuna wannan rabuwa. Stacy Dale da Alan Krueger, a wani nazari da suka wallafa a 2002, sun kwatanta ɗaliban Amurka da suka samu gurbi a jami'o'i masu daraja ɗaya amma wasu suka zaɓi waɗanda ba su kai ba. Sun tarar da cewa, a jimlace, abin da suke samu daga baya bai bambanta sosai ba, sai dai 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi sun fi amfana da zuwa babbar jami'a. A 2023 kuma Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka nuna cewa zuwa ɗaya daga cikin fitattun jami'o'i masu zaman kansu na Amurka, maimakon babbar jami'ar jiha, bai cika sauya matsakaicin albashi ba, amma yana ninka damar shiga kamfanoni mafiya daraja kusan sau uku. Wato suna yana buɗe ƙofa ta can ƙoli, ba ya sauya rayuwar kowa da kowa. Tambayar ita ce ko waccan ƙofar kake nufa.

Kada sunan kwas ya ruɗe ka. Mutane da yawa suna ƙin babbar jami'a don ta ba su tattalin arziki ba harkar kuɗi ba, wannan kuwa kuskure ne. Harvard ba ta da digirin farko a kasuwanci ko harkar kuɗi, haka Princeton, amma ɗalibansu na tattalin arziki da lissafi, har da na tarihi, suna cika bankuna. Abin da za ka duba shi ne cikin manhajar. Ka sauke jerin darussan kowace shekara ka nemo waɗannan: akanta, aƙalla zango biyu, domin wanda bai iya karanta bayanin riba da asara da na kadara da bashi da na shige da ficen kuɗi ba, bai fara ba; kuɗin kamfanoni da kimanta darajarsu; ƙididdiga da lissafin tattalin arziki; sai kuma wani darasi da za ka taɓa bayanai da harshen kwamfuta irin Python ko R, ba da baki kawai ba. Idan kwas ɗin tattalin arzikin ya bar ka ka ɗauki akanta a matsayin darasin zaɓi, ya wadatar. Idan kuma kana hangen ɓangaren lissafi ne, ka tabbata akwai kalkulas mai zurfi da aljabara da nazarin yiwuwa, domin digiri na biyu a wannan fanni, irin na Carnegie Mellon ko Baruch ko Oxford, ba ya karɓar wanda bai yi su ba, kuma cike wannan giɓi bayan kammalawa yana cin shekara.

Yanzu ga abin da ya fi kayar da ɗalibai masu ƙoƙari, kuma ba a cika faɗa musu ba: lokaci. Ɗaukar ma'aikata a bankunan zuba jari yana farawa tun kafin ɗalibi ya gama sanin hanyar ɗakin karatu. A Landan, wanda ke digirin shekara uku yana neman makon leƙa aiki tun watannin farko na shekararsa ta farko, wajen Satumba zuwa Disamba, a yi makon wajen Afrilu. Wanda ya burge su a wannan mako ana iya ba shi hanyar gaggawa zuwa sanin makamar aiki na dogon hutu, mako kusan 10, a ƙarshen shekara ta biyu. Daga cikin waɗanda suka yi wannan ake cike yawancin guraben aikin dindindin. A Amurka, inda digiri yake shekara huɗu, ana fara tantance masu zuwa sanin makamar aiki tun suna shekara ta biyu, fiye da shekara guda kafin su fara. Kuma galibi ana duba takardu ne yadda suke shigowa, don haka wanda ya bari sai ranar rufewa yakan tarar an cike. Tun ranar gini tun ranar zane. A nan ne amfanin babbar jami'a yake na gaskiya: ba darasin ajin ne ya fi ba, a'a, ɗan shekara ta uku ne zai tare ka a makon farko ya ce ka gyara takardar bayanin kanka yanzu, ƙungiyar ɗalibai ce ke da tarin tambayoyin intabiyun bara, bankin ne ke zuwa har harabar makaranta. Wanda ya san wannan jadawali tun daga gida ya rage kaso mai yawa na tazarar da ke tsakaninsa da su.

Ga yadda za ka auna jami'o'in uku da kanka, aikin yini ɗaya ne. Ka shiga LinkedIn, ka buɗe shafin kowace jami'a, ka danna sashen tsofaffin ɗalibai. Ka taƙaita shekarun kammalawa zuwa biyar na baya-bayan nan, sannan ka sa sunayen kamfanoni biyar da kake so ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta adadin da ya fito. Ka raba adadin da yawan ɗaliban da ke gama kwas ɗin a shekara, domin mutum 40 daga aji mai ɗalibai 200 ba daidai yake da mutum 40 daga aji mai 2,000 ba. Bayan haka ka buɗe shafukan mutum 20 daga kowace jami'a ka karanta sunan muƙaminsu. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa. Jami'a za ta rubuta cewa ɗalibanta suna aiki a wani babban banki, alhali a sashen daidaita takardun ciniki ko kula da kwamfutoci suke, a wani birni daban. Aiki ne mai mutunci, amma ba shi ne wanda kake tsammani ba, kuma ƙaura daga can zuwa sashen da ke hulɗa da masu zuba jari tana da wuya. Ka kuma lura ko mutanen baƙi ne irinka ko 'yan ƙasa ne da ba sa buƙatar biza.

Rahoton samun aiki da makarantu ke wallafawa ma a karanta shi da ido biyu. Idan an ce kashi kaza sun samu aiki, ka nemo abu uku: kashi nawa ne na ɗaliban suka amsa tambayar, bayan wata nawa aka ƙirga, kuma ko an haɗa waɗanda suka ci gaba da karatu. Ka fi amincewa da albashin tsakiya, wato na wanda ke tsakiyar layi idan aka jera su daga ƙasa zuwa sama, a kan matsakaici, domin mutum biyar masu albashi mai tsoka suna iya ɗaga matsakaicin aji guda. Inda akwai bayanan hukuma, su ne gaba: a Amurka shafin College Scorecard yana nuna abin da masu kammala kowane kwas ke samu da bashin da ke kansu, a Birtaniya kuma ana bin sawun ɗalibai wata 15 bayan kammalawa, ana samun sakamakon a shafin Discover Uni.

Jadawalin darajar jami'o'i kuwa, ka san abin da yake aunawa kafin ka jingina da shi. Na Shanghai yana ƙirga kyaututtukan Nobel da yawan bincike. QS yana ba ra'ayin malaman jami'a nauyi babba. Babu ɗayansu da ke gaya maka ko banki na zuwa ɗaukar 'yan digirin farko. Na jaridar Financial Times ya fi kusa da buƙatarka tunda yana tambayar tsofaffin ɗalibai albashinsu bayan shekara uku, amma digiri na biyu da MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, yake aunawa. Tambarin AACSB ko EQUIS a kan makarantar kasuwanci alama ce cewa an tantance ta, shi ke nan. Rashinsa abin tambaya ne, samunsa ba alkawarin aiki ba ne.

Sai batun wuri da izinin aiki, wanda ga mai karatu a wata ƙasa ya fi suna nauyi. Zama a birni irin Landan ko Niyok ko Frankfurt ko Singafo ko Dubai yana ba ka damar yin aikin wucin gadi cikin zangon karatu da zuwa shan shayi da ma'aikaci bayan darasi. Amma duk wannan ba ya amfani idan doka ba ta bar ka ka zauna ba. A Amurka, mai digiri yana samun wata 12 na aiki bayan kammalawa. Idan kwas ɗin yana cikin jerin kimiyya da fasaha da lissafi ana ƙara masa wata 24, ya zama 36. Bayan nan sai bizar H-1B, wadda ke da iyakar gurbi 85,000 a shekara kuma masu nema sun fi haka yawa. Don haka kwas biyu masu kama da juna a jami'a ɗaya na iya bambanta da shekara biyu na damar aiki. Ka tambayi ofishin ɗaliban waje a rubuce a wane rukuni aka sa naka. Birtaniya ta buɗe bizar masu kammalawa ta shekara biyu a 2021, kuma an sanar da rage ta zuwa wata 18 daga farkon 2027. Jamus na ba da wata 18 don neman aiki, Kanada har zuwa shekara uku gwargwadon tsawon karatu. Waɗannan dokoki suna sauyawa, kuma kai da dokar shekarar kammalawarka za ka yi aiki, ba ta yau ba. Harshe ma yana ciki: aikin ba da shawara a Faris ko Milan ko Frankfurt yawanci yana buƙatar harshen ƙasar, ko da da Turanci aka koyar da kai. Idan kuma niyyarka ka koma ƙasarka, to jami'ar da masu ɗaukar aiki a can suka sani ita ce mai daraja, ko da jadawalin duniya bai ambace ta ba.

Ga wanda bai samu babbar jami'a ba, akwai hanyoyi biyu da ke cike giɓi da gaske. Ta farko ita ce shekarar aiki da aka gina cikin digiri. Jami'o'i irin Bath da Loughborough a Birtaniya, Waterloo a Kanada, Northeastern a Amurka, an san su da tura ɗalibai aiki na watanni ko shekara guda kafin su gama. Wanda ya fito da shekara guda ta aiki a sashen kuɗi yakan sha gaban mai babban suna da bai taɓa buɗe Excel don aikin gaske ba. Ta biyu ita ce takardun ƙwarewa. ACCA, takardar ƙwarewar akanta, a tsarin da aka daɗe ana bi, jarrabawa 13 ce da wata 36 na aiki, kuma digirin da aka amince da shi na iya sa a yafe maka har 9. Shafinsu yana da wurin da za ka sa sunan jami'a da kwas ka ga nawa za a yafe. CFA, takardar masu nazarin zuba jari, mataki uku ne, kowanne ana ba da shawarar awa kusan 300 na karatu, sai awa 4,000 na aiki cikin aƙalla wata 36 kafin a ba ka lambar. Ɗalibi na iya zama matakin farko idan saura wata 23 ko ƙasa da haka ya kammala. Tana da amfani a sarrafa dukiyar masu zuba jari da nazarin hannun jari, amma ba ita ke shigar da mutum sashen haɗewar kamfanoni ba, kada ka dogara da ita don wannan. FRM ta masu kula da haɗari kashi biyu ce. Mai son lissafin inshora ya duba ko kwas ɗin na da yafiyar jarrabawar ƙungiyar masu wannan sana'a, domin yana rage shekaru. Idan kuma harkar kuɗi ta Musulunci ce a ranka, taswirar daban ce gaba ɗaya: cibiyoyinta su ne Kuala Lumpur da Baharain da Dubai da Landan, akwai jami'ar INCEIF da babban bankin Malesiya ya kafa a 2005, da takardun AAOIFI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin akanta na cibiyoyin kuɗi na Musulunci, mai hedikwata a Baharain.

Bashi kuwa, ka zauna ka yi lissafinsa da biro, tunda sana'ar da kake nema ke nan. Misali, rancen dala 100,000 da kuɗin ruwa kashi 8 cikin 100 a shekara, a biya cikin shekara 10, yana nufin dala 1,213 kowane wata, jimla sama da dala 145,000, kuma wannan bai haɗa da ruwan da zai taru kana makaranta ba. Kada ka gwada wannan adadi da albashin bankin zuba jari. Ka gwada shi da albashin da za ka samu idan ba ka shiga ba, domin ko a jami'o'in da bankuna ke zuwa, yawancin masu nema ba sa samu. Ka sake gwada shi da albashin ƙasarka idan biza ta ƙi, musamman idan bashin da kuɗin waje ne kuma kuɗin ƙasarka na iya faɗuwa. Idan a wannan yanayi biyan wata zai cinye fiye da ɗaya cikin biyar na abin da ke shigo maka, bashin ya yi nauyi. Illarsa ba a aljihu kaɗai take ba: mai bashi ba ya iya karɓar aiki mai ƙaramin albashi da koyo mai yawa, ba ya iya komawa karatu lokacin da ya dace.

To, ga ra'ayinmu a kan ukun. Ka ɗauki ta farko idan abu uku sun haɗu: bankin zuba jari kake so ba da wasa ba, binciken LinkedIn ya nuna baƙi irinka daga wannan kwas suna shiga, kuma bashin ya tsallake gwajin da ke sama. Idan ɗaya ya faɗi, ta biyu ce ta fi dacewa da mafi yawan masu irin halinka, muddin bankunan birnin suna ɗauka daga gare ta da gaske ba maƙwabtaka kawai suke yi ba. Ta uku zaɓi ne mai ƙarfi idan akanta ko kuɗin kamfanoni ko inshora ko aikin hukuma kake so, ko kuma ba ka tsai da shawara ba tukuna. Sharaɗinta shi ne ka fito da sakamako na sama, aƙalla 2:1, wato matakin da ke bin daraja ta ɗaya, a tsarin Birtaniya ko maki 3.5 cikin 4 a na Amurka, da sanin makamar aiki sau biyu. Da waɗannan, digiri na biyu na shekara guda a LSE ko HEC ko Bocconi ko makamantansu yana sake buɗe maka ƙofar bankunan, kuma kuɗin shekara ɗaya ya fi na shekara uku ko huɗu sauƙin ɗauka. Sai dai ka sani cewa masu shiga irin wannan kwas suna fara aika takardun neman aiki tun watan da suka sauka, don haka da shirinka za ka je.

Kafin ka amsa wa kowa, ka aika wa jami'a ta farko takardar tallafin da sauran suka ba ka, ka roƙi a sake duba naka cikin ladabi. Wasu makarantu, musamman masu zaman kansu, suna ƙarawa, kuma roƙon ba ya sa a janye gurbi. Ka kuma karanta sharuɗɗan tallafin ta biyu da ta uku layi-layi: na shekara ɗaya ne ko na dukan digirin, wane maki ake buƙata don ya ci gaba, ya haɗa da masauki da inshorar lafiya ko kuɗin makaranta kawai, yana ƙaruwa idan an ƙara kuɗin makaranta, kuma yana tsayawa idan ka sauya kwas ko ka tafi shekarar aiki. Duk amsar da aka ba ka a waya, ka nemi a turo maka ita a rubuce kafin ka biya kuɗin riƙe gurbi.